ƘWALLON DABINO NA ƘARSHE

Shafi na 17

Salama gare ku masu bibiyata. Wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa wai ƙanƙara ba ta rufe ƙasa a Riyad. To 'yata, hamada ma takan sa fararen kaya ranar da Mai ita ya ga dama. Gyara zama ki karanta.

*

Ƙanƙarar ta tsagaita bayan azahar, amma sanyin bai tsagaita ba.

Almustafa ya leƙa ta tsagin ƙofar ƙarfen. Duk inda ido ya kai fari ne fat, kamar an yi wa ƙasa likkafani. Can gangare, kwarin da ya raba su da kwalta yana ta tumbatsa da jan ruwa. Motarsa ta kayan gwari, wadda ya kamata yanzu tana sauke tumatir a kasuwar Aziziya, ta tsaya a karkace, tayoyinta sun nutse. Bayanta ga ƙaramar motar matar da suka fake tare, ruwa ya kai mata ƙofa. Wani raƙumi da ba a san mai shi ba ya tsaya a tsakanin motocin yana tauna ƙanƙara a hankali, idonsa a lumshe, kai ka ce alewa aka ba shi.

Tun hantsi suke cikin ɗakin nan na mai gadin gona, wanda mai shi ya tafi ya bari a buɗe. Katifa ɗaya, buta ɗaya, gwangwanin da aka yanke aka mai da shi murhu, sai farwa guda, irin babbar rigar sanyin nan ta Larabawa mai gashin tumaki a ciki. Wayoyinsu duka biyu ba sa kama komai. Kafin yau bai taɓa ganinta ba. Abin da ya sani kawai shi ne sunanta Sailuba, nas ce 'yar Zariya, mijinta ya rasu, kuma daga ofishin gonakin da ya yi wa aiki take, ta je karɓo sauran kayansa.

"Ruwan ya ragu?" ta tambaya daga cikin farwar.

"Bai rage ba, Malama. Shina ƙaruwa ma."

Can ta ce, "Malam Almustafa, ba na jin yatsun ƙafata."

Ya juyo da sauri. Da safe ta ratso ruwan ƙanƙarar nan da ƙafa, takalminta ɗaya ma ruwa ya tafi da shi. Ya jawo murhun zai kara mata.

"A'a. Kar ka kawo wuta kusa. Sai su ƙone ban sani ba."

"To mi za a yi?"

"A asibiti ruwan ɗumi muke sawa."

"Ruwan butar ya ƙare. In narka ƙanƙara?"

"Itacen nawa ya rage?"

Ya dubi guntayen katakon. Uku ne. Ita ma ta gani.

Ta kawar da kai wajen bango, ta ce a hankali, "In babu ruwa, sai jikin mutum."

Babu wanda ya motsa. Ruwan da ke ɗiga daga rufin kwano yana faɗawa cikin wani tsohon kwanon sha, ɗis, ɗis.

"Larura ce," in ji ta.

"Larura ce," ya maimaita.

Ya durƙusa a gabanta, ya yi bismilla a zuci. Ta miƙo ƙafafun daga ƙarƙashin farwar. Farare ne tas a tafin, babu lalle, babu komai. Ya ɗaga gaban rigarsa ta sama, ya bar ta ciki, ya ɗora su a kan cikinsa, ya sake rufewa. Sanyin ya soke shi har tsakiyar baya. Ya cije leɓe.

Shekara shida rabonsa da gida. Shekara huɗu da aka bugo masa waya daga garinsu Tasawa ta Nijar aka ce matarsa ta rasu wajen haihuwa, ita da abin da ta haifa. Tun daga nan jikinsa bai san taɓin kowa ba sai na buhunan albasa da sitiyari. Yanzu ga ƙafafun mace a kan cikinsa, suna shan ɗuminsa kamar jarirai biyu. Yana jin kowane yatsa daban. Ya kafe idonsa a kan wani ƙusa da ke jikin bango, ya hau ƙirga tsatsar da ke kansa.

Ba ta sa turare ba. Wannan ne ya fi wahalar da shi. Da turare ne, da ya ce turaren ne. Amma ƙamshin da ke fitowa daga wuyan farwar nata ne ita kanta, haɗe da na ruwan sama da hayaƙin itace.

"Zuciyarka na gudu," ta ce.

"Sanyi ne."

"Ni nas ce, Malam. Na san bugun sanyi."

Ya sauke ido. Ita ma shi take kallo. Babu kwalli a idonta, leɓenta ya bushe ya tsage, numfashinta na fita fari-fari yana haɗuwa da nasa a tsakiya, su cakuɗe su tashi sama tare. Ya taɓa jin wani tsoho a garinsu yana cewa in numfashin mutum biyu ya gauraya a fili ido na gani, to mala'iku sun rubuta wani abu. Bai taɓa yarda ba, don a Tasawa ba a ganin numfashi.

Yatsunta suka motsa a kan cikinsa. Ta ja iska ta haƙori.

"Sun fara dawowa. Wayyo, kamar ana soka mini allura."

"In saki?"

"Kar ka saki."

Ya ƙara riƙe idon sawunta ta saman riga. Maganar da ta tsaya masa a wuya tun da suka raba dabino bakwai da tsakar rana ta taso, ta ƙi komawa.

"Malama, ni ba mai ilimi ba ne. Direba ne ni. Amma tun da rana nake son in hwaɗa maki..."

"Kar ka faɗa."

"Ba ki san mi zan ce ba."

"Na sani. Shi ya sa na ce kar ka faɗa."

Ta zaro hannu daga cikin farwar, ta jawo jakarta, ta fito da wani ƙaramin gwangwanin madara. Ta girgiza shi. Abu ɗaya ne ya yi ƙara a ciki.

"Ka san mene ne wannan?"

"A'a."

"Ƙwallon dabino. Ranar da aka binne shi, mahaifiyata ta ce mini ta waya, Sailuba, ke mai mantuwa ce, kuma watan can da namu ba sa tafiya tare. Ki zuba ƙwallo ɗari da talatin a gwangwani, kullum ki jefar da ɗaya. Ranar da ya zama wayam kin fita takaba." Ta buɗe murfin ta nuna masa. "Saura ɗaya. Sai gobe Lahadi."

"Gobe," ya ce.

"Gobe. Har zuwa lokacin ni matar Dawuda ce. Ba a yi mini irin wannan maganar, ni ma ba na saurare."

"To gobe in Allah ya kai mu..."

Ta yi wani murmushi da bai kai ido ba.

"Gobe bayan isha'i jirgina zai tashi. An buga mini bizar fita ta ƙarshe. Na sallami aiki, na sallami gidan da ke Nasiriya, na rabar da tukwanena. Lambar nan ma gobe za ta mutu."

"Ki ba ni ta gida."

"Ba zan ba namiji lambata ina cikin takaba ba, na san abin da yake nufi da ita. Da yau na gama, da ka yi maganarka na ji. Da na ba ka amsa ma." Ta sunkuyar da kai. "Allah bai yi ba. Kwana ɗaya ne ya raba."

Almustafa ya ji kamar an ɗora masa buhun dankali a ƙirji. Kwana ɗaya. Ruwan nan zai janye kafin dare, ko a zo a fitar da su, kowa ya kama hanyarsa. Ina zai neme ta a garin da ke da mutane miliyan nawa, balle a ƙasarsu da ta fi shi?

Ta janye ƙafafunta a hankali ta mai da su cikin farwar. Gurbinsu a cikinsa ya yi sanyi fiye da lokacin da suke nan.

Sai a lokacin ta lura haƙoransa na haɗuwa.

"Dubi kunnuwanka, sun yi toka. Kai ma ɗan Adam ne fa, ɗan Nijar. Tsaya."

Ta sake laluba jakar, ta zaro wani ƙyalle a naɗe, ta miƙa masa.

"Naɗa wannan."

Ya karɓa ya warware.

Rawani ne shuɗi, ya koɗe. A gefe guda akwai ƙuna kamar girman kwabo inda garwashin shayi ya taɓa faɗawa. An ɗinke ƙunar da koren zare, ɗinkin mai manyan taku, irin na tsohuwar da idonta ya fara rauni.

Ɗinkin innarsa ne. A gabansa ta yi shi, daren da zai taho, tana mita wai bai iya riƙon kaya ba.

Ɗakin ya juya masa. Ya dafa ƙasa.

"Lafiya?"

"Wanga... wanga rawani, ina kika same shi?"

"Ba na Dawuda ba ne, in shi kake tsoro. Bai taɓa naɗa rawani ba, ɗan boko ne, injiniyan ban ruwa." Ta gyara zama. "A kan fuskarsa aka same shi."

Ya ƙanƙame rawanin.

"Ranar Talata ya fita, tsakiyar zafi. Raƙumi ya gitta masa a hanyar gonakin nan, motar ta wuntsila ta faɗa rami, inda ba a hango ta daga titi. Na kwana ina kiran wayarsa. Sai ranar Laraba da hantsi wani makiyayi ya gan shi. Yana kwance a wajen motar, an miƙar da shi, an fuskantar da shi alƙibla, an rufe masa fuska da wannan. Takarda ta ce Laraba ya rasu. Na tambayi likitan, na ce Dakta, ni ma ma'aikaciya ce, faɗa mini gaskiya, ya daɗe? Ya ce zafi ya ɓata lissafi, mai yiwuwa ya kai asuba."

Ta dubi rawanin da ke hannunsa.

"Ya kai asuba, Malam. Shi kaɗai a rami. Wani ya zo ya gan shi da ransa ko ba ransa, ban sani ba, ya rufe shi ya tafi abinsa. Wata huɗu ina wanke ƙyallen nan ina ninkewa. Wata rana in yi wa mai shi addu'a, wata rana in tsine masa."

"Wace ta hi yawa?" ya ji bakinsa ya tambaya.

"Ban ƙirga ba."

Guntun katako ya fashe a murhu, tartsatsi ya tashi.

"Ba wannan ne ke hana ni barci ba ma," ta ci gaba, kamar da wutar take magana. "Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Kai zan faɗa maka don gobe ba za ka ƙara ganina ba. Daren Litinin na dawo daga aiki a gajiye. Ya neme ni, na juya masa baya. Ya sake taɓa kafaɗata, na ce Dawuda don Allah ka ƙyale ni, ni ba inji ba ce. Da safe ya yi mini magana na ƙi amsawa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, Luba, na tafi. Sau biyu ya faɗa. Ina jinsa, na ja bargo na rufe kai."

Luba.

Sai-luba.

Tun safe sunan yake a kunnensa bai gane shi ba, kamar mutumin da ka sani da hula ka gamu da shi kai a buɗe.

"Ya tafi yana fushi da ni. Ban nemi gafara ba. Wace fuska zan kai gaban Allah da ita?"

Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba.

Almustafa ya miƙe ya tafi bakin ƙofa, rawanin a dunƙule a hannunsa. Rana ta ɗan leƙo ta ƙarƙashin gajimare, ta zuba wani haske rawaya a kan farar ƙasar. Inuwar motarsa ta yi tsawo ta wuce motar. La'asar ta yi.

Ya ƙirga a yatsu, ya sake ƙirgawa. In daga Laraba ƙwallayen suka ƙare ranar Lahadi, to daga Talata ranar Asabar za su ƙare. Yau ke nan. Yanzu ke nan, wannan sa'ar da inuwa ta wuce tsawon mai ita.

Ba ta cikin takaba. Shi kaɗai ya sani a duk duniya.

In ya yi shiru, za ta tafi tana ganinsa mutumin kirki da ya ɗumama mata ƙafa, ta tafi da dutsen nan a zuciya har kabarinta. In ya buɗe baki, ƙofar maganar da ya so yi za ta buɗe, amma wanda zai shiga ta cikinta shi ne mutumin da ya bar mijinta a rami ya kwana.

Ya dubi raƙumin. Raƙumin ya dube shi, yana taunarsa.

Ya yi taimama da bangon ɗakin, ya yi salla a tsaye a kan buhu, ita ma ta yi tata a zaune. Da ya sallame bai ɗaga hannu ya roƙi komai ba. Ya juyo ya zauna nesa da ita, ya shimfiɗa rawanin a tsakaninsu.

"Malama. Bai kai asuba ba."

Ta ɗago.

"Me ka ce?"

"Bai kai ko magariba ba. Ranar Talata ya cika, bayan la'asar kaɗan. Kamar yanzu."

"Wa ya faɗa maka?"

Ya sa yatsa a kan koren ɗinkin.

"Innata ta yi wanga. Sunanta Delou. Tana nan da ranta a Tasawa."

Sailuba ta dubi ɗinkin, ta dubi yatsan, ta dubi fuskarsa. Ta ja da baya har bayanta ya bugi bango.

"Kai ne."

"Ni ne."

"Kai ka buge shi?"

"Wallahi tallahi ban buge shi ba. Ina bayansa da nisa, na ga ƙura ta tashi. Na tsaya na gangara. Na jawo shi ta taga. Ƙirjinsa ya... ke kin san aikin, ba sai na hwaɗa ba. Na ɗora kansa bisa cinyata. Da na ji ya ce wayyo Allah da Hausa, sai na gane namu ne."

"Ya yi magana?"

"Ya yi."

"Kar ka yi mini ƙarya don ka ga ina kuka. Na rantse in ka ƙara ko harafi ɗaya ban yafe ba."

"Ba ni ƙarawa. Ya ce, ɗan'uwa, daga ina? Na ce Tasawa, ƙasar Maraɗi. Ya yi dariya, jini na hitowa, ya ce ashe a hannun ɗan Nijar zan mutu, duk tsiyar da nake yi muku."

Wani sauti ya kuɓuce mata, rabi kuka rabi dariya. Ta toshe baki da hannu biyu.

"Shi ne. Wallahi shi ne."

"Ya nemi ruwa na ɗiga mashi. Sannan ya kama mani riga nan, ya ce, ka ce wa Luba ban yi hushi ba. Ya ce, gajiya ce, na sani. Ka ce mata ta ci abinci, ba ta cin abinci in ranta ya ɓaci. Na ce wace ce Luba, ina take? Bai amsa ba. Na laƙƙana mashi kalmar shahada, ya karɓa sau biyu, a hili, babu gargada. Ta ukun bai ƙarasa ba."

Sailuba ta kifa fuska a gwiwa. Kukan da ta yi ba mai ƙara ba ne. Kafaɗunta kawai ke tashi suna sauka a cikin babbar rigar, kamar wani abu ne ke ƙoƙarin fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Ya bar ta. Hannunsa ya miƙa da kansa har rabin hanya, ya dawo da shi.

Da ta ɗago, idonta ya yi ja, muryarta ta bushe.

"Sannan ka tafi."

"Sannan na tahi."

"Me ya sa?"

"Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta makiyayi ce. Kahilina, ubangidan da ya ɗauko ni, na can Ƙasim, ni ina nan ina tuƙa motar wani. In 'yan sanda sun zo sun iske ni da gawa, da jini a riga, da takardar da ba ta tuƙi ba... Na ce in na hau kwalta zan kira. Na hau kwalta na tuna layin wayar da sunana yake. Na ce in na kai Aziziya zan ari wayar wani. Na kai Aziziya na sauke kaya. Na ce ai wani ya gani ya kira." Ya sunkuyar da kai. "Ba wanda ya gani. Tsoro ne, Malama. Ba shi da wani suna."

"Na kwana ina kiran wayarsa."

"Na ji ta. Ta hwara ƙara tun ina wurin, cikin motar."

"Ka ji ta."

"Na ji ta."

"Da ka ɗauka, da muryata za ka ji."

Ya kawar da ido.

"A cikin zafin nan ka bar shi. Ka san yadda aka nuna mini shi? Ka san ban iya gane fuskar mijina ba sai ta yatsan ƙafa?"

"Ki tsine mani. Na cancanta."

"Kar ka koya mini abin da zan yi!"

Ta miƙe tsaye, ƙafafun suka ƙi ɗaukarta, ta dafa bango. Ya yunƙura zai tare ta.

"Kar ka taɓa ni."

Ya tsaya cak.

Ta daɗe tana numfashi. Sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba, "Idonsa fa?"

"Na ruhe mashi. Na ɗaure haɓa da bakin rawanin. Na karanta abin da na iya, ba shi da yawa."

"Me ya sa ka faɗa mini? Da ka yi shiru, da na tafi ina sa maka albarka."

"Saƙo ne. Wata huɗu shina ci mani ciki. Duk macen da na ji tana Hausa a unguwar Ulaisha ko a kasuwa sai in bi bakinta ko za a kira ta Luba."

"Shi ke nan dalilin?"

Ya ɗaga kai. Ya san in ya ce shi ke nan, ya ƙara harafin da ta hana.

"A'a. Na ƙirga kwanakin kuma. Na ga yau suka cika, ba gobe ba. Na so ki sani. Na so in samu bakin yin maganar da kika hana ni, ko da amsar ta zama mari. Kin ga, ko a nan ma ban hita da tsabta ba."

Ta dube shi sosai a karon farko tun da ya fara. Kallon ya sauka daga idonsa zuwa bakinsa, zuwa gaban rigarsa inda har yanzu akwai danshin sawunta biyu.

"Hannun da ya rufe masa ido," ta ce a hankali, "shi ne ya riƙe mini ƙafa."

"Shi ne."

"Cinyar da ya cika a kai..."

Ba ta ƙarasa ba.

Daga nesa wata ƙara ta taso, ba ta ruwa ba. Jiniya ce, da gurnanin babbar mota. Almustafa ya leƙa. Wata mota mai ruwan ɗorawa ta masu ceto ta ratso kwarin ta inda ya fi faɗi, bayanta motar sintiri. Raƙumin ya juya ya tafi abinsa ba gaggawa.

Iƙamar makiyayin tana aljihunsa. Makullin motar da ba tasa ba yana ɗaya aljihun.

"Malama, minti nawa ne kawai. Ki bar ni in yi maganar."

"Tsaya."

Ta sunkuya ta ɗauki gwangwanin madarar. Ta juye ƙwallon a tafinta, ta tsaya tana kallonsa. Ƙarami ne, ya yi santsi don yawan taɓawa. Gwangwanin ya zama wayam.

Takalma suka fara murƙushe ƙanƙara a waje.

"Fi ahad? Akwai mutum a ciki?" wata murya ta kira da Larabci.

Sailuba ta tako, taku ɗaya, biyu, a kan ƙafafun da ya ɗumama. Ta kamo hannunsa na dama, fata da fata, babu riga a tsakani. Tafinta zafi ne da shi kamar mai zazzaɓi. Ta sa ƙwallon a ciki, ta naɗe masa yatsu ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe dunƙulen da hannu biyu. Yana jin numfashinta a wuyansa.

"Mi wanga ke nuhi?" ya raɗa. "Kin yahe, ko kin..."

Aka turo ƙofar.

Haske ya cika ɗakin. Ɗan sanda ne dogo, da rigar ruwa, bayansa masu ceto biyu. Ta saki hannun, ta gyara mayafinta. Ɗan sandan ya dubi katifa ɗaya, farwa ɗaya, shuɗin rawanin da ke shimfiɗe a ƙasa. Ya dubi Almustafa sama da ƙasa, sannan ya juya gare ta.

"Salamat, ya ukhti. Lafiyarki ƙalau? Wannan mijinki ne?"

"A'a."

"Direbanki?"

"A'a."

"To wane ne shi a wurinki?"

Almustafa ya matse ƙwallon har ya soki tafinsa. Kalma ɗaya ta ishe ta ta sallame shi. Ta ce direba ne da ruwa ya tare, shi ke nan.

Sailuba ta sunkuya ta ɗauki rawanin, ta rungume shi a ƙirji. Ta amsa da Larabcinta na asibiti, a fili, babu rawar murya.

"Shi ne mutumin da mijina ya cika a hannunsa."

Ɗan sandan ya daina rubutu.

Ya ɗago a hankali, ya miƙo wa Almustafa hannu.

"Iƙama."